Umarni Daga Kan Kanta: Waiwaye Kan Zamanin Kafe

Duk wanda ya yi aikin kafen intanet a Kano a farkon shekarun 2000 zai gaya maka cewa rabin aikin da ƙafa ake yin sa. Na waje gani yake zama ne kawai a kan kanta, kana yanka tikiti kana ƙirga canji, fanka tana kaɗa ka. Bai san kowace kwamfuta a ɗakin da halinta ba, kuma ba wadda za ta yi abin da kake so sai ka taka ka je gabanta, ka ja kujera, ka kama linzami. Da safe ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka kunna. Da rana ka tashi ka je ka farfaɗo da wadda ta sandare. Da dare ka bi ka goge tarkacen da kwastomomi suka bari, ka kashe, ka lulluɓe da ƙyalle saboda ƙura. Ranar da aka ce manhajar rigakafi ta fito da sabuntawa kuwa, ka yi sallama da barci.

Ina cikin samarin da suka faɗa wannan sana'a ba don sun karanta ta a makaranta ba, sai don hannunsu yana da sauri a kan madannai kuma ba sa tsoron kwance murfin inji. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001, amma ta kira ce da saƙon tes. Mai son duba wasiƙarsa ta Yahoo dole ya zo wurinmu. Intanet ɗin ma daga sama yake sauko mana, ta farantin tauraron ɗan'adam da aka kafa bisa rufi, domin manyan wayoyin ƙarƙashin teku da suka karya farashi, irin su Main One da Glo-1, sai a 2010 suka fara aiki. Kwamfutocin tokumbo ne, yawancinsu Pentium III da ofisoshin Turai suka yi wa ritaya, aka sauke su Ikeja, suka hau mota zuwa Arewa. Wasu har da lambar ofishin da ya yar da su manne a jiki. Ɗalibai na zuwa da katin kankarewa su duba sakamakon jarrabawa, 'yan kasuwa na zuwa aika wasiƙa Dubai da Cana, sannan daga ƙarshen 2003, da Amurka ta mayar da cike fom ɗin bizarta ta ƙuri'a kan intanet zalla, layi ya riƙa kaiwa bakin titi.

Mafi wahala shi ne lokacin da aka ɗauke wuta alhali janareta ba mai. Akwatunan batir sai su ɗauki kuka gaba ɗaya, kai kuma ka san 'yan mintuna gare ka kafin su ɗauke numfashi. Kwamfutar da ta mutu da kanta ba a kashe ta yadda ya kamata ba, gobe tana iya tashi, tana iya ƙin tashi. Sai ka ga mutum yana tsallake ƙafafun kwastomomi a cikin duhu, yana ba wannan haƙuri, yana fizge linzami daga hannun wancan.

Abin da ya fara sauƙaƙa mini rayuwa ɗan ƙaramin umarni ne mai suna net send. Ka buɗe baƙin allon nan na umarni, ka rubuta sunan kwamfuta da saƙonka, sai saƙon ya faɗo a tsakiyar allonta. Idan ka sa alamar tauraro a madadin suna, kowa a ɗakin zai gani. Masu Windows 98 ne kawai ke yin kunnen ƙashi, sai an buɗe musu wata 'yar manhaja mai suna WinPopup tukuna. Daga nan na gano cewa Windows XP, wadda ta fito a watan Oktoban 2001, ta zo da umarnin kashewa da ke karɓar sunan wata kwamfutar dabam. Ka ba shi suna, ka ba shi yawan daƙiƙoƙin jira, ka ba shi saƙon da zai nuna, shi ke nan. Sharaɗin kawai shi ne waccan ta san ka a matsayin mai iko a kanta, kuma ka cire wani saiti na rabon fayil da ke mayar da duk wanda ya shigo ta waya baƙo marar iko.

Ranar Juma'a ce aka fi ganin amfanin abin. A da, da zarar sha biyu ta gota sai in fara zagaye ina roƙo: “Malam, don Allah a taimaka, za mu rufe mu tafi masallaci.” Amsar kowa ɗaya ce: “Minti biyu, saura in tura.” Minti biyun nan ya sa mun sha samun sahu a kan kwalta cikin rana. Da na haɗa umarnin, sai akwati ya bayyana a kowane allo lokaci guda, yana cewa lokacin Juma'a ya gabato, saura minti biyar a kashe, kowa ya adana aikinsa, za a cika masa sauran lokacinsa bayan an sauko. A ƙarƙashin saƙon agogo yana ƙirga baya. Ba wanda ya taɓa yi wa agogon nan musu. Alhajin da ke da shagon yana tsaye a bakin ƙofa ranar farko, ya ga allunan suna mutuwa bi da bi ba kowa a gabansu.

“Kai yaro, wa ya taɓa su?”

“Ranka ya daɗe, daga nan na aika musu.”

Ya dubi kanta, ya dube ni, ya gyara hula. “Daga nan? To, Allah Ya sa kada wata rana ka aika wa akwatin kuɗi.”

Buga umarni iri ɗaya sau ashirin shi ma gajiya ne, don haka mataki na gaba shi ne a rubuta shi a fayil a ajiye. Notepad kawai muke buɗewa. Fayil ɗaya na sunayen kwamfutoci ne, kowane suna a layinsa. Ɗayan kuma, wanda muke kira bac, shi ke ɗauke da aikin: ɗauki suna na farko, ka ƙwanƙwasa ka ji ko tana raye, idan ta amsa ka aika mata umarni, idan ba ta amsa ba ka rubuta sunanta a gefe, ka wuce na gaba. Ƙwanƙwasawar nan da ping tana da muhimmanci, domin in ba ita ba, fayil ɗin zai tsaya yana jiran kwamfutar da aka cire wa fulogi tun jiya, ku yi ta zaman jira tare. Wata dabarar da manya suka koya mana ita ce sa kalmar echo a gaban umarni mai haɗari. Da ita, fayil ɗin ba zai aikata komai ba, zai dai nuna maka a allo abin da ya yi niyyar aikatawa a kowace kwamfuta. Ka karanta, ka natsu, sannan ka cire kalmar. Layin ƙarshe kullum pause ne, don kada allon ya rufe kafin ka ga abin da ya faru.

Kashewa da aika saƙo somin-taɓi ne. Abin da ya sauya sana'ar baki ɗaya shi ne PsExec, wata 'yar manhaja ta kyauta da Mark Russinovich ya rubuta a dandalin Sysinternals, wanda Microsoft ta saye a 2006. Ƙanƙantarta ta sa tana shiga faifan fulofi har a sami rara, kuma ba sai ka girka komai a ɗaya kwamfutar ba. Aikinta irin na ɗan aike ne da maigida ya damƙa wa makullin ƙofar baya: za ta bi ta wata ɓoyayyar ƙofar rabon fayil da Windows ta tanadar wa mai iko, ta ajiye ɗan yaronta a can, ta tashe shi, ya yi abin da aka aiko shi, ya kawo maka amsa a allonka kamar kana zaune a wurin, sannan ya tattara ya fita. Da ita muka daina sauke abu ɗaya sau ashirin daga intanet ɗin da ake sayen kowane ɗigonsa da tsada. A sauke sabuntawar rigakafi sau ɗaya cikin dare, fayil ya raba wa kowa kafin asuba. A goge tarkace, a mayar da shafin farko da wani ya sauya, a tambayi kowace kwamfuta sauran wurin da ke cikinta, duk kana shan shayi a kan kanta.

Amma tana da nata wulaƙancin. Manhajar da ka aika a girka, idan mai son tambaya ce, za ta buɗe tagarta a inda ba mai gani, ta zauna tana jiran a danna mata amincewa. Kai kana nan kana kallon ɗigon allo yana ƙyaftawa, ita tana can tana jiran hannun da ba zai zo ba. Don haka muka zama masu farautar kalmomin da ke sa kowace manhaja ta girku shiru ba tambaya, kuma kowane kamfani da irin tasa. Wanda ya gano ta wata manhaja mai taurin kai, da yamma zai zo da ita majalisa a rubuce a bayan tikiti, a yi ta kwafa.

A watan Agustan 2003 akwatin nan mai ƙirga baya ya fara bayyana a alluna ba tare da kowa ya aika shi ba. Daƙiƙa sittin yake bayarwa, kwamfuta ta mutu ta tashi, ba da jimawa ba ya dawo. Cutar Blaster ce, wadda ta mamaye duniya a cikin kwanaki. Ba ta buƙatar kowa ya buɗe wasiƙa ko ya danna wani abu. Ta waya take bi ta shiga duk Windows 2000 ko XP da ba a toshe wa ɓarakar ba. Maganin ya riga ya fito tun watan Yuli, sai dai kafe nawa ne ke da ƙarfin intanet ɗin da zai bi kowace kwamfuta da sabuntawa? Umarnin kashewar nan dai shi ya cece mu, domin idan ka ƙara masa harafin a yana tsayar da agogon, ka sami sararin sa magani. Wanda ke da jerin umarninsa a hannu ya gama da ɗakinsa a dare ɗaya. Wanda ba shi da shi ya yi kwanaki yana yawo da faifai, yana warkar da ta bakin ƙofa ta ƙurya tana sake kamuwa. Shekara ba ta zagayo ba Sasser ta zo da irin wannan ta'asa a 2004, kuma daga baya aka gano wani matashi ne a Jamus ya rubuta ta.

A nan ne idon da yawanmu ya buɗe. Wayar da ke kai umarninmu ita ce ke kai na ɓarawo, kuma kwamfuta ba ta san fuska ba, makulli ta sani. Ko a cikin ɗaki mun ga alama, don samari sun gano net send, sai ka ga budurwa a lamba bakwai ta ɗago kai tana raba ido, saƙon soyayya ya faɗo mata ba ta san daga wace kujera ba. Da Microsoft ta fitar da babban gyaran XP na biyu a watan Agustan 2004, ta kashe hanyar saƙon nan, ta kuma kunna katangar tsaro a kowace kwamfuta. Fayilolinmu suka wayi gari suna ƙwanƙwasa ƙofofi ba mai amsawa. An yi ƙorafi a majalisa, amma gyaran ya tilasta mana abin da ya dace: a buɗe ƙofa ga kwamfutar kanta ita kaɗai, a rufe wa saura. Abin da ya rage shi ne kalmar sirri. Kusan kowane kafe kalma ɗaya ce a duk ɗaki, gajeriya, kuma tana nan a rubuce tsirara cikin fayil ɗin bac. Da Conficker ta ɓullo a ƙarshen 2008, ɗaya daga cikin dabarunta ita ce ta tsaya a wannan ƙofa ta mai iko tana gwada kalmomin sirri masu sauƙi ɗaya bayan ɗaya, tana kuma hawa filash daga shago zuwa shago. Ta sami abinci sosai a wurinmu.

A tsakanin nan na bar kafe na koma aiki da wata cibiya mai rassa a garuruwa dabam-dabam na Arewa, kuma a can na san mene ne nisa. A kafe, idan umarni ya ƙi, taku goma ne tsakaninka da matsalar. Yanzu kuwa kwamfutar tana Katsina kai kana Kano, kuma mafi yawan manyan injinan Linux ne, ba linzami ba hoto, sai baƙin allo da rubutu. A nan na haɗu da ssh, na kuma koyi cewa abin da muke ɗauka sabo a kafe ya girme mu. Tun 1983 masu Unix na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar da rsh, wanda ke aika umarni zuwa wata kwamfuta bisa yarda zalla: ka rubuta sunayen injinan da ka amince da su a wani fayil, duk wanda ya zo daga cikinsu ya shige ba tambaya. Wannan yarda tana cikin hanyoyin da cutar Robert Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ta bi ta durƙusar da dubban kwamfutoci a watan Nuwamban 1988. Telnet kuma kalmar sirri yake aikawa a fili, duk mai kunne a kan waya ya ji. Irin wannan satar kalmomin sirri ce a Jami'ar Fasaha ta Helsinki ta sa Tatu Ylönen ya rubuta ssh a 1995, inda komai ke tafiya a kulle. Ya nemi ƙofa mai lamba 22 aka ba shi, tsakanin ta FTP mai 21 da ta telnet mai 23. A ƙarshen 1999 masu OpenBSD suka fitar da OpenSSH kyauta, mu kuma masu zama gaban Windows muka riƙe PuTTY ta Simon Tatham da ƙanwarta plink, wadda ke shiga cikin fayil ɗin bac lafiya lau.

Aiki ta tauraron ɗan'adam yana koya wa mutum haƙuri. Tauraron yana sama da ƙasa da kusan kilomita 36,000, kuma sau da yawa tashar da ke karɓar saƙon a ƙasa tana Turai ko Amurka. Harafin da na danna a Kano sai ya hau sama, ya sauka wata nahiya, ya sake hawa, sannan ya sauka Katsina, amsa ma ta biyo hanyar. Ka buga kalma, ka tsaya kana kallo tana fitowa a makare. Idan hadari ya haɗo, layi ya yanke kana tsakiyar aiki. A irin wannan hali jerin umarni ba kwalliya ba ne. Ka zauna ka rubuta aikin gaba ɗaya, ka duba, ka aika shi dunƙule guda ya gudana a can ko da layi ya tsinke, ya rubuta abin da ya yi a fayil, da safe ka karanta.

Akwai ramukan da kowane sabon shiga sai ya leƙa. Ka rubuta jerin da zai bi injina goma, ya yi na farko ya tsaya cik, ba kuskure ba ƙorafi. Dalili shi ne ssh, da zarar ya buɗe, sai ya haɗiye sauran sunayen da ke jerin, yana zaton saƙo ne da zai kai can. Sai ka sa masa harafin n ya kama bakinsa. Ko kuma a sake girka wani inji, shaidarsa ta sauya, allo ya cika da gargaɗin cewa wataƙila wani ya shiga tsakani. Mai gaggawa kashe binciken yake yi gaba ɗaya don ya huta, alhali shi ne kaɗai ke tabbatar maka cewa da injinka kake magana. Mafi girman doka kuwa ta shafi taɓa katangar tsaro ko saitin waya daga nesa, inda layi ɗaya ke iya rufe ka a waje. Kafin ka taɓa, sai ka bar wa injin wasiyya: nan da minti goma, idan ban dawo na soke ba, ka mayar da komai yadda yake.

Duk da haka akwai ranar da rubutu ba ya kaiwa. An ɗauke wuta a reshe cikin dare, an dawo da ita, inji bai tashi ba, ma'aikata duk sun tafi gida. Sai ka kira maigadi.

“Baba, sannu da aiki. Don Allah ka shiga ɗakin nan mai sanyi, ka duba baƙin akwatin da ke ƙasan tebur.”

“To ɗana, ga ni a ciki. Akwatunan ai uku ne.”

“Wanda ba ya haske, Baba. Akwai maɓalli mai zagaye a gabansa.”

“Na gan shi. In danna? Ba zai ja ni ba?”

“Ba zai ja ka ba, in sha Allahu. Sau ɗaya, ka saki.”

Shiru na ɗan lokaci, sai ka ji ya ce, “Ya yi tari, ga kore ya kama.” Kai kuma idonka yana kan ping, har layukan amsa su fara zubowa. Daga baya muka koyi saita injin ya tashi da kansa idan wuta ta dawo, muka kuma koyi tayar da kwamfuta ta waya da wani ɗan saƙo mai maimaita lambar katinta sau 16. Amma na daɗe ina ganin dattijon nan a matsayin abokin aiki, kuma duk zuwan da zan yi garin sai na riƙe masa goro.

Idan na waiwaya yanzu, ba sauƙin da fayilolin nan suka kawo ne ya fi tsaya mini a rai ba. A sana'o'inmu na hannu, ilimi a kan maigida yake zama. Yaro ya shekara yana miƙa sukudireba kafin a nuna masa abu ɗaya, wani maigidan ma sai ya aike ka sayen ruwa idan ya zo wurin da asirin yake. Jerin umarni ba ya ɓoyuwa haka. Duk abin da ka sani game da ɗakin nan dole ka sauke shi a rubuce, layi bayan layi, in ba haka ba kwamfuta ba za ta yi ba. Yaron da ke share shago zai iya buɗe fayil ɗin a Notepad ya karanta ya ga yadda kake tunani. Mukan bar bayani da Hausa a tsakanin layuka, irin wanda kwamfuta ke tsallakewa: wannan na lamba tara ne, ita sai an jira ta, kada ka taɓa nan sai ka tambaye ni. Fayilolin suka riƙa yawo a filash daga wannan shago zuwa wancan, kowa ya ƙara nasa. Na taɓa buɗe wani a Zariya na tarar da layukana a ciki, wani ya gyara su sun fi yadda na bar su kyau.

Akwai kuma batun amana. Mai ikon aika umarni yana iya ganin komai: hoton fasfo da aka bari, takardar neman aiki, wasiƙar da wata ta rubuta wa mijinta a Saudiyya ta manta ba ta goge ba. Alhaji bai san bambancin fayil da folda ba, amma dokarsa ɗaya ce: abin mutane a goge, kada a buɗe. Lokacin da muke bi da hannu, ido yakan faɗa kan abin da bai kamata ba ko mutum bai so ba. Da aikin ya koma hannun jerin umarni, sai ya zama ana gogewa ba wanda ya karanta, kuma wannan ya fi kwantar mini da hankali fiye da duk wani barcin da na samu.

Yau kayan aikin sun girma. PowerShell ta fito a 2006, ta sami ikon aika umarni nesa a 2009. Ansible, da Michael DeHaan ya fitar a 2012, tana juya dubban injina, kuma idan ka leƙa ƙarƙashinta ssh ɗin nan ne dai take hawa. Windows ma tun 2018 da ssh take zuwa. PsExec tana nan, sai dai masu tsaro suna yi mata kallon tuhuma, musamman tun da cutar NotPetya, wadda ta tashi daga Yukren a watan Yunin 2017, ta yi amfani da ita wajen bazuwa cikin manyan kamfanoni har da na jiragen ruwa na Maersk. Kafe kuwa wayar salula ta cinye su. Waɗanda suka tsira sun koma cike fom da buga takardu, wasu suka zama cibiyoyin jarrabawa bayan da JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013 ta kuma mayar da ita gaba ɗaya a 2015. A waɗannan zauruka masu ɗaruruwan kwamfutoci akwai samari da 'yan mata da ke fama da irin abin da muka yi fama da shi, sai dai ɗakinsu ya ninka namu sau goma.

Abin da nake kewa shi ne lokacin da umarni da sakamakonsa suke ɗaki ɗaya, ka danna nan ka ɗaga kai ka ga allo ya mutu can. Gani ya kori ji, kuma ganin nan ne ya sa mana tsoron abin da ke hannunmu. Na yanzu suna aika umarni zuwa injinan haya da ke wata ƙasa, waɗanda ba za su taɓa jin ƙarar fankarsu ba, kuma fayil ɗin da za su aika ba su suka rubuta shi ba, kwafowa suka yi ko suka sa manhaja ta rubuta musu. Ban ga laifinsu ba, mu ma a bayan tikiti muka kwafa. Bambancin shi ne namu gajere ne, mutum na iya karance shi kafin shayinsa ya huce.

Shi ya sa idan ɗaya daga cikin yaran da nake koyarwa ya kawo mini fayil yana neman izinin sakin sa a kan injina, ba na tambayar inda ya samo. Cewa nake ya karanta mini shi da Hausa, layi bayan layi, ya gaya mini abin da kowane zai yi da abin da zai faru idan kwamfutar ba ta amsa ba. Idan ya iya, ya gwada a kan ta kusa da shi tukuna, sannan saura. Idan ya kasa, sai mu ja kujera mu fara daga layin farko tare. Yawanci kafin la'asar ya gane, kuma sau da yawa shi da kansa yake gano layi biyu ko uku da ba su da aikin komai a ciki, ya goge su.